DAGA GONA ƁARNAR TA FARA: ABIN DA YA DURƘUSAR DA MASANA'ANTUN KANO DA KADUNA

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Birnin Kudu ko Gwaram, ya bi ta Wudil ya isa Kano, sa'an nan wata larura ta kai shi Bompai ko Sharaɗa ko Chalawa, ya riga ya ga rabin abin da za mu yi magana a kansa. Zai ga dogayen katangu da manyan ƙofofin ƙarfe da tsatsa ta ci, da bututun hayaƙi waɗanda suka yi shekara da shekaru ba su yi hayaƙi ba, ga ciyawa ta tsiro a filin da manyan motoci ke juyawa a da. Waɗansu gidajen an mai da su sito, ana jibge kayan da aka ƙera a wata ƙasa a cikin ɗakin da a da a ke ƙera irinsu. Ba duka suka mutu ba, akwai waɗanda ke ta fama har yanzu, amma kowa ya san abin da ya rage bai kama ƙafar abin da aka rasa ba. Wanda kuwa ya je Kakuri a Kaduna, abin da zai tarar ya fi wannan ban tausayi.

Mai yiwuwa wani ya ce, to, ina ruwanmu? Mu mutanen kudancin Jigawa ba mu taɓa samun unguwar masana'antu irin Bompai ba, balle mu yi kukan rasa ta. Amsarmu ita ce, da ruwanmu ƙwarai da gaske. Kafin ran 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, mu da Kano jiha ɗaya mu ke, kuma har gobe kasuwarmu ɗaya. Gyaɗar da aka matse a Bompai, da fatun da aka jeme a Kano, da ƙarfin samarin da suka tsaya a gaban inji dare da rana, da yawansu daga garuruwa irin namu suka fito. Ra'ayinmu a wannan maƙala shi ne, masana'antun nan itace ne wanda rassansa ke birni amma saiwarsa tana gona. Tun kafin kayan waje su cika kasuwa aka sare saiwar, kuma da itacen ya faɗi, a kan ƙauye ya faɗo.

YADDA AKA GINA

Sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini. Ya tarar ana kai tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus, kuma ya lura cewa wannan sana'a a cikin gidaje da ƙauyuka a ke yin ta. Manomi ya noma auduga da baba, mata su gurje su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buga, fatake su ɗauka. Babu wani haɗi a wannan sarƙa da sai an jira jirgin ruwa kafin ya motsa.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa wa rai domin masaƙun Ingila, amma manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Daga nan aka shiga zamanin dalar gyaɗa, zamanin su Alhasan Ɗantata, har Nijeriya ta zama gaba a duniya wajen sayar da gyaɗa a waje cikin shekarun 1960. Kakanninmu na Birnin Kudu da Gwaram suna cikin waɗanda suka cika buhunan nan. Da kaka ta yi, sai a kai gyaɗa ma'auni, wakilan 'yan kasuwa su saya, manyan motoci su kwashe zuwa Kano. Da kuɗin a ke biyan haraji, a yi aure, a sayi sa.

A nan akwai wani abin da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. Hukumar ciniki ce kaɗai ke da ikon sayar da gyaɗa da auduga a ƙasashen waje. Ita ke yanka wa manomi farashi, kuma sau da yawa farashin yana ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuwa ta shiga asusunta. Da irin wannan rara Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead aka kafa masaƙar Kaduna, KTL, wadda ta fara aiki a 1957. Watau da gumin manomi aka aza harsashin. Bayanta waɗansu masaƙun suka biyo, har da UNTL ta mutanen Hong Kong a 1964. A Kano kuwa aka cika Bompai da injinan matsar gyaɗa, da majemu, da masaƙu, da gidajen yin sabulu da alawa da kwanuka da takalma, har da na harhaɗa kekuna, daga baya aka buɗe Sharaɗa da Chalawa. Aka kai matsayin da babu wata masana'anta a Nijeriya da ta kai masaƙa yawan ma'aikata.

Iyayenmu suna ba mu labarin wannan zamani. Saurayi ya gama firamare ko ya sauke Alƙur'ani, ya tafi Kano cin rani, ya sami aiki a kamfani, ya zauna. Ƙarshen wata yana da albashi. Da salla ya zo gida da sabon keke da akwatin rediyo da turmin atamfa na mahaifiyarsa, da bazara ya aiko da kuɗin taki da na ƙwadago. Albashin mutum ɗaya a Bompai yana riƙe da gida guda a Sundumina ko Basirka. Ta haka arziki ke zagayawa: amfanin gona ya tafi birni, kuɗi ya dawo ƙauye.

SARAN FARKO

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. In an tambayi mutane abin da ya kashe masana'antunmu, mafi yawa za su ce kayan Sin da rashin wuta. Ba su yi ƙarya ba, amma sun fara labarin daga tsakiya. Farkonsa yana cikin shekarun 1970.

Daga 1972 zuwa 1974 aka yi mummunan fari a ƙasashen Arewa. Manoma ba su gama farfaɗowa ba, sai ga kuturtar gyaɗa a 1975, ta shafe gonaki ba iyaka. Manomin da dama ya daɗe yana jin hukumar ciniki tana ƙwararsa, sai ya ga ba dalilin da zai sa ya sake jefa iyalinsa cikin hatsari, ya koma ga gero da dawa da wake. Cikin 'yan shekaru dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Wannan masifa ce daga Allah, amma an sha yin fari a ƙasar nan a tashi. Abin da ya hana tashi a wannan karo shi ne, a daidai lokacin ne farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973 da 1974. Gwamnatin da a da ba ta iya biyan albashi sai gyaɗa da auduga da koko sun yi kyau, yanzu ta sami wata rijiya, ba ta da sauran bukatar manomi. Aka yi ƙarin albashin Udoji, kuɗi ya cika birane, naira ta yi ƙarfi har ya zama shigo da abu daga waje ya fi noma shi sauƙi. Matasa suka ajiye fartanya suka nufi inda a ke gine-gine.

Masana'antun ba su ji zafin abin nan da nan ba. Hasali ma a lokacin ne suka fi bunƙasa, domin jama'a na da kuɗin saye. Sai dai bunƙasar ta bisa ce. Injin matsar mai da aka kafa saboda gyaɗar ƙasar Kano ya rasa gyaɗar da za ta ishe shi. Masaƙa ta fara cike giɓin audugar gida da ta waje. Sababbin kamfanonin da aka buɗe kuwa, da yawansu harhaɗawa kawai su ke yi: a kawo sassa cikin akwati daga Turai, a ɗaura a nan, a buga hatimi. Muna ta murna muna da masana'antu, alhali kuwa injin na waje ne, kayan gyaransa na waje, sinadarin rini na waje, yanzu kuma har abin da za a zuba masa ya fara zama na waje.

A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Ba mu yi musu kuka ba, domin sun daɗe suna shan jinin talaka. Amma duk da laifinsu, su ne ke raba irin auduga mai kyau, su ne ke tantance daraja a ma'auni, su ne ke ba manomi tabbacin cewa in ya noma akwai mai saye. Da aka kawar da su ba a sa kome a gurbinsu ba. Iri ya cakuɗe, daraja ta faɗi, marasa tsoron Allah suka riƙa zuba ruwa da yashi a cikin auduga don ta yi nauyi, gidajen gurza na Funtuwa da Gusau da Zariya suka riƙa aikin 'yan watanni su tsaya. Igiyar da ta ɗaure gona da inji ta ƙarasa tsinkewa.

RANAR DA NAIRA TA FAƊI

Abin da ya ɓoye a lokacin wadata ya fito fili da farashin fetur ya faɗi. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu. Kuɗin ƙasashen waje ya yi wuya, shigo da kaya sai da lasisi, lasisin kuwa sau da yawa ya kan faɗa hannun wanda ya san wani, shi kuma ya sayar wa mai masana'anta da riba. Tun a lokacin aka fara rage ma'aikata. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka karya darajar naira. A 1980 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A 1987 ta kai wajen naira 4, kuma tun daga nan ba ta daina hawa ba, har ta haura naira 1,500 a 2024.

Ku duba halin da mai masaƙa ya shiga. Injinsa ya tsufa, sabo kuwa sai da dala. Ƙaramin ƙarfe ya karye, sai da dala. Bashin da ya ci a waje ya ninka, bankunan gida kuma ruwan da su ke ɗorawa ya fi ƙarfin mai sana'ar da ba ta kawo riba sai bayan shekaru. A ɗaya gefen, ma'aikaci da manomi da su ne masu sayen yadinsa, albashinsu da amfanin gonarsu ba su isa abinci ba, balle sutura. Wanda a da ke ɗinka sabuwar riga kowace salla ya koma gwanjo. An ce karya naira zai tilasta wa masana'antu su koma ga kayan gida. Da an yi haka tun gona tana da ƙarfi, da wataƙila an dace. Amma an aike su gida ne bayan an bar gidan ya zama kango.

WUTA DA MAI DA HANYA

Dalili na uku kowa ya san shi, domin har a ɗakunan kwananmu muna fama da shi. Masaƙa ba ta aiki da wutar da ke zuwa tana tafiya. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rini ko buga zane, yadin da ke kan inji ya lalace. Tun zamanin NEPA, har aka sake mata suna a 2005, har aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, ba a taɓa samun wutar da mai masana'anta zai dogara da ita ba. Dole kowa ya sayi janareto, ya haƙa rijiyarsa, wani ma ya gyara titin ƙofar kamfaninsa. Ga kuma baƙin mai da a ke hura tukunyar tururi da shi, wanda matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ke samarwa. Da matatar ta riƙa tsayawa, baƙin mai ya koma hannun 'yan bumburutu.

Daɗin daɗawa, Kano tana nesa da teku, tafiyar fiye da kilomita 1,000 ta layin dogo daga Ikko. Jirgin ƙasa ne ya mai da wannan nisa ba kome ba, shi ne ma ya jawo masana'antun tun farko. Da aka bar shi ya lalace, kowane ƙarfe da kowace gangar sinadari sai an ɗora wa babbar mota, a biya kuɗin mai, a biya na shingayen hanya. Mai kamfani a Ikko yana kusa da tashar jiragen ruwa, daga baya kuma aka ja wa unguwannin masana'antunsu bututun iskar gas. Na Kano da Kaduna ba su sami wannan gata ba. Sai a 2020 aka ƙaddamar da aikin jawo bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, bayan mafi yawan masu bukatarsa sun riga sun rufe.

Ga misali na kusa da gida. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda babu kamarsa a harkar masana'antu a Afirka, Bakano ne, kuma a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi karatun sakandare. Amma matatar mansa tana Lekki a bakin teku, babban kamfanin simintinsa yana Obajana inda dutsen siminti ya ke. Ba mu kawo wannan don zargi ba. Mun kawo shi ne don mu nuna cewa jari ba ya bin asali. Inda kayan aiki da wuta da hanya su ke, can ya ke sauka. Haka kuma jari matsoraci ne. Rikicin Maitatsine na 1980, da na Kaduna na 2000, da hare-haren da aka kai Kano a Janairun 2012, kowannensu ya kori waɗansu masu kuɗi da ƙwararru, ya kuma hana waɗansu zuwa.

ƘADANGARE DA BANGO

Yanzu mun zo kan kayan waje. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. A 2001 ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a 2005 kuma aka kawo ƙarshen yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin tufafi tsakanin ƙasashe. Ko a shekarun da gwamnati ta mai da haramcin, bai hana kome ba. Kaya su sauka a Kwatano, su hau ta Jamhuriyar Nijar, su shigo ta iyakokin Katsina da sauransu da dare, wani lokaci ma da rana tsaka, su cika Kantin Kwari. Har zanen atamfar da aka fitar a Kaduna a kan ɗauka a kai waje a kwaikwaya, a dawo da shi da rabin kuɗi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Fasa-ƙwauri laifi ne, kuma waɗanda aka ba amanar iyaka suka sayar da ita suna da alhakin dubban gidaje a wuyansu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai masaƙa a Sin yana da wuta dare da rana, da sabon inji, da bashi mai sauƙi, da jirgin ƙasa har bakin teku. Namu yana da tsohon inji da janareto da audugar da aka cakuɗa da yashi. Ko da an rufe iyaka ruf, kamar yadda aka gwada daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ba zai ta da injin da ba shi da abin saƙawa ba. An kuma ware naira biliyan 100 wajen 2010 don farfaɗo da auduga da masaƙu, amma Kakuri ba ta dawo ba, domin kuɗin da aka zuba a reshe ba ya rayar da itacen da ba saiwa. Kada kuma mu manta da namu laifin. Masaƙun da ke hannun gwamnatoci sun sha fama da shugabannin da aka naɗa don siyasa, mu masu saye kuma mun daɗe muna ganin duk abin da aka yi a gida bai kai na waje ba.

Ba mu kaɗai wannan ya taɓa samu ba. Yankin Lankasha na Ingila, inda kamfanin da ya taya mu kafa KTL ya fito, shi ma masaƙunsa sun rufe da yadin Asiya ya fi nasu araha. Birnin Ditroyit na Amurka, cibiyar ƙera motoci, yana da mutum kusan 1,850,000 a 1950, amma a 2020 bai fi 640,000 ba, kuma a 2013 hukumar birnin ta je kotu ta ce ta kasa biyan bashinta. Darasin da ke ciki shi ne duk garin da ya rataya rayuwarsa ga sana'a ɗaya yana cikin hatsari. Sai dai akwai bambanci. Su masana'antunsu sun tsufa ne bayan sun yi shekaru aru-aru ko kusan haka suna tara wa ƙasa dukiya da ilmi, kuma ma'aikacin da aka sallama yana da ɗan tallafin gwamnati. Namu tun suna na goye aka yaye su, wanda aka sallama kuwa ba shi da kowa sai danginsa na ƙauye.

INDA ITACEN YA FAƊO

Shekaru da yawa bayan rufe KTL, tsofaffin ma'aikatanta suna ta neman haƙƙinsu na sallama, da dama sun rasu ba su karɓa ba. Waɗanda suka dawo gida daga Kano da Kaduna sun dawo da furfura, suka tarar gonar gado an raba ta ta ƙanƙance. 'Ya'yansu har yanzu suna tafiya birni da rani, domin ba a daina cin rani ba, amma aikin da ke jiransu ya sake. Mahaifi ya tafi ya koyi sarrafa inji, ɗa ya tafi yana tura kurar ruwa, ko yankan farce, ko gadi, ko acaɓa, ita ma acaɓar aka hana ɗaukar fasinja da ita a Kano a 2013. Wannan aiki ba ya koya wa mutum sana'a, ba shi da fansho, ba ya riƙe gida.

Gona kuwa ba ta daina bayarwa ba. Jigawa tana cikin jihohin da ke gaba wajen noman riɗi da zoɓo. Ku je kasuwar Sara ku ga buhuna da dabbobi. Amma ina su ke tafiya? A kwashe zuwa Dawanau, daga can zuwa bakin teku, a matse man a wata ƙasa. Fatar akuyarmu a jeme ta rabi a Chalawa, a kai Italiya a yi takalmi da jaka. Watau mun koma inda mu ke a 1912, muna sayar da ɗanyen kaya muna sayen gyararre. Wanda kuma ke shakkar cewa inji ba ya rayuwa sai da gona, ya tuna da kamfanin tumatirin gwangwani da aka buɗe a Kadawa a 2016. Sabon inji ne, da jari mai ƙarfi a bayansa, amma ya sha tsayawa saboda bai sami isasshen tumatir ba.

ABIN DA MU KE GANI

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba mu ce a koma zamanin dalar gyaɗa ba, domin ita ma dalar ɗanyen kaya ce da ke jiran jirgi. Abin da mu ke kira a yi shi ne a fara gini daga inda aka fara rushewa.

Ga hukumomi, muna cewa kafin a sake yanka wani fili a kira shi unguwar masana'antu, a fara tabbatar da iri. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin gyaɗa mai jure kuturta da irin auduga ingantacce, amma manoma nawa ne a Kila ko Fagam ke samunsu a kan lokaci? A dawo da malaman gona, a sa ma'auni na gaskiya da tantance daraja a kasuwanni, a tsaya a kan yarjejeniya tsakanin manomi da mai inji, yadda wannan zai san yana da mai saye, wancan ya san yana da abin sarrafawa. A kai wuta mai ɗorewa, ko da ta hasken rana ce, wuraren da a ke sana'a kafin wuraren da a ke biki.

Ga masu hali na yankinmu, muna tuna musu cewa ba sai da katafaren kamfani a ke farawa ba. Injin casar shinkafa, da na matsar man gyaɗa da riɗi, da wurin tsabtace zoɓo, da wurin tara madara, in an kafa su kusa da kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram, ba su bukatar dala mai yawa, kuma abin da za su ci yana bakin ƙofa. Irin waɗannan su ne ba sa mutuwa don naira ta faɗi.

Mu kuma ɗalibai, namu ya fi na kowa nauyi, domin mu ne za mu fita da takardar shaida mu tarar babu ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Mu daina raina aikin hannu da makarantun koyon sana'a. Mai karatun injiniya ya tambayi kansa ko zai iya gyara injin niƙan garinsu. Mai karatun tattalin arziki ya bi buhun riɗi ɗaya daga gona har tashar jirgin ruwa, ya rubuta wanda ya ci riba a kowane zango. Mai karatun tarihi ya je ya zauna da dattawan da suka yi aiki a Bompai da Kakuri tun suna da rai, ya rubuta abin da suka gani, domin in sun tafi babu mai gaya mana. Kuma duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a da alkawarin zai ta da masaƙu, mu tambaye shi a gonar wa za a noma audugar, da wace wuta za a saƙa ta.

Kakanninmu da fartanya da jaki suka tara abin da aka gina masaƙar farko da shi. Mu da aka ba ilmin da ba su samu ba, ba mu da hujjar da za mu kawo in muka kasa ɗaura igiyar da ta tsinke. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya sa albarka a gonakinmu, ya sa karatun da mu ke yi ya amfani garuruwan da suka turo mu. Amin.